Jirgin Laraba da Ban Hau Ba

Wata na bakwai ke nan a Istanbul ranar da na faɗo daga matakala. Ni tela ne, haifaffen Fagge, a shagon kawuna na koyi ɗinki tun ƙafata ba ta kai fedar keke ba. Wani dillali ne ya kai ni Turkiyya da alkawarin ɗinkin kwat a babban kamfani. Da na isa sai na tarar babban kamfanin ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, babu taga, kekuna a jere, mu kuma baƙi daga ƙasashe iri-iri muna harhaɗa rigunan mata daga safe zuwa yamma. Fasfona yana hannun maigidan wurin, takardar izinin aiki kuwa kullum gobe za a yi. Na haƙura, don na baro matata Hadiza da ƙaramin ciki, ga kuma mahaifiyata, Inna, da take zaune tare da ita.

Ranar an wayi gari da ruwan sama. Mota ta kawo dilolin yadi, aka ce mu bar keke mu sauke. Na ɗora dila a kafaɗa na nufi ƙasa. Na tuna takalmina ya zame a kan matakala ta uku. Daga nan ban san komai ba sai da na buɗe ido a gadon asibiti, kaina a naɗe, idanuna sun kumbura har da ƙyar nake ganin fitila.

Kwanana uku a wurin. A rana ta uku wata likita, mace mai furfura a gaban goshi, ta zo da hoton da aka ɗauki kaina. Maigida yana tsaye, ya zo da wani mutum da ya ce tafinta ne. Likitar ta daɗe tana magana. Ta nuna wani ɗan baƙin tabo a hoton, ta miƙe tafin hannu ta yi sama da shi kamar jirgi yana tashi, sannan ta girgiza kai. Ni ba na jin yarensu in ban da gaisuwa da sunayen zare. Na dubi tafinta.

Ya ce da ni da guntun Turancinsa, "Ta ce ka warke. Ka koma ƙasarku ka huta. Jirgi ba matsala."

Na ga girgiza kan da ta yi, ba zan ce ban gani ba. Amma wanda ya yi wata bakwai bai ga gida ba, idan aka ce masa gida, kunnensa ba ya jin sauran magana. Bayan ta fita suka miƙo mini takarda na sa hannu, ashe ta sallamar kai ce, wato ni ne na nemi fita da kaina. A mota maigida ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya nuna mini tikiti a wayarsa. Jirgin Laraba, saura kwana biyu ke nan. Har godiya na yi masa. Ban gane ba a lokacin cewa tsoro yake ji kada hukuma ta gano yana sa mutum aiki babu takarda, so yake in bar masa ƙasar kafin a fara tambaya.

Ranar Talata na lallaɓa na tafi ofishin Alhaji Wasiu in yi masa sallama. Alhaji Wasiu mutumin Kano ne, iyayensa Yarabawa ne da suka zauna a Sabon Gari tun kafin a haife shi, Hausa a bakinsa ta fi tawa gishiri. Aikinsa tura kayan 'yan kasuwa gida, ofishinsa kuma shi ne majalisarmu, duk ɗan Najeriya da kewa ta dama can yake zuwa ya sha shayi. Yana ganina ya miƙe.

"Innalillahi! Sabi'u, wa ya yi maka wannan aiki?"

Na ba shi labari, na ce gobe ma zan tafi. Ina magana ina goge hanci, don tun da na fito asibiti wani ruwa fari tas yake ɗigo mini ta hanci ɗaya, musamman idan na sunkuya. Na ɗauka mura ce.

Akwai wata mata a gefe tana ɗaure kwalin da za ta aika gida. Ta bar igiyar ta juyo, ta yi mini sannu da Hausa, irin ta mutanen Zariya.

"Malam, ka yi haƙuri da shisshigi. Ruwan nan da kake gogewa, yana da kauri ko kamar ruwan sha yake?"

Na ce kamar ruwan sha.

"Idan ya gangara maƙogwaro kana jin gishiri-gishiri?"

Na ce ƙwarai kuwa. Fuskarta ta canza. Alhaji Wasiu ya ce mini wannan Sista Rahila ce, nas ce, ta zo ƙarin karatu shekara uku ke nan, tana jin yaren ƙasar kamar 'yar gari. Ta ce in ba ta takardun asibiti. Na zaro su daga aljihu a ninke. Ta karanta a tsaye, ta koma farko ta sake karantawa, sannan ta ja kujera ta zauna a gabana.

"Wa ya ce maka likita ta yarda ka hau jirgi?"

"Tafinta."

"Ƙarya ya yi maka. Ga shi a rubuce, har ta ja layi a ƙasa: kada ya hau jirgi. Malam Sabi'u, ƙashin goshinka ya tsage. Ta tsagar nan iska ta shiga ta zauna tsakanin ƙoƙon kanka da ƙwaƙwalwa. A nan ƙasa jiki zai shanye ta a hankali. Amma idan jirgi ya yi sama, duk iskar da take kulle a wani wuri kumbura take yi. Da za ka zo, ba ka ga yadda ledar biskit take cika tam a cikin jirgi ba?"

Na ce na gani.

"To, leda tana da wurin buɗawa. Ƙoƙon kai ba shi da shi. Idan iskar ta kumbura, ƙwaƙwalwa za ta danne. Kuma ruwan nan ba mura ba ce, ruwan da ƙwaƙwalwa take zaune a ciki ne yake yoyo. Ba na ce lallai za ka mutu a jirgi ba, wannan sanin Allah ne. Amma idan abu ya taso a sama, babu asibiti a can, babu wanda zai buɗe maka kai."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Amma na riga na gaya wa Inna gobe ina hanya."

Alhaji Wasiu ya ɗauki mukullin mota. "Inna ɗanta take jira, ba akwatin gawa ba. Tashi mu je."

Muka koma asibitin, mu uku. Da likitar ta gan ni sai ta ɗaga hannu sama ta yi wata magana da ƙarfi, Sista Rahila ta ce godiya take yi wa Allah, tun jiya take sa a neme ni a lambar da maigida ya bari, ba a ɗauka. Aka mayar da ni gado, aka ɗaga mini wajen kai. Wannan karon duk abin da likita ta faɗa sai ya iso kunnena da Hausa: kada in fyace hanci, kada in ɗaga kaya, kada in sunkuya, idan atishawa ta zo in buɗe baki. Jirgi kuwa sai ranar da hoto ya nuna iskar ta tafi, yoyon kuma ya tsaya. Na tambaye ta yaushe ke nan. Ta ce ba ta sani ba, kan nawa ne zai faɗa.

Ranar Laraba da hantsi ina kwance ina kallon agogon bango har lokacin tashin jirgin ya yi ya wuce. Na juya fuska wajen bango don kada na kusa da ni ya ga hawaye.

Shi kuma Alhaji Wasiu ya ɗauki kwafin takardar likita ya nufi ƙarƙashin ƙasar nan. Ban san abin da ya gaya wa maigida ba. Na dai san ya dawo da fasfona a hannu, an kuma bar tikitin a buɗe sai ranar da na zaɓa, asibiti ma ba su tambaye ni kuɗin magani ba. Da na matsa masa sai ya ce, "A Sabon Gari na tashi, Sabi'u. Na san yadda ake yi wa mai gaskiya magana, na san yadda ake yi wa marar ita."

Kiran gida ne ya fi ba ni wuya. Na ce wa Inna tafiya ta fasu, likita ta ce iska ta shiga kaina. Sai na ji salati, na ji ta tana kiran Hadiza tana cewa a nemo malam, aljanun Turawa sun kama Sabi'u. Duk da ciwon da nake ji sai da na yi dariya har ɗinkin goshina ya motsa. Sista Rahila ce ta karɓi wayar.

"Inna, ina wuni? Ba iskokai ba ne, iska ce irin wadda muke shaƙa. Za ta fita da kanta in Allah ya yarda. Ku dai ku ba shi lokaci."

Inna ta ce, "'Yar nan, ke 'yar wace ce?" Suka shiga gaisuwa kamar sun san juna.

Bayan kwana shida yoyon ya tsaya, aka sallame ni. Wannan karon sallamar gaskiya. Alhaji Wasiu ya ba ni ɗan ɗakin da ke bayan ofishinsa, inda yake ajiye kwalaye. Nan na zauna jiran kaina. Ban taɓa sanin zama aiki ne ba sai lokacin. Hasken waya yana sa mini jiri, hayaniya tana sara mini kai. Salla a zaune nake yi a kan kujera, ina nuni da kai kaɗan, goshina bai taɓa ƙasa ba. Ta taga nake kallon fararen tsuntsayen teku suna kuka kamar jarirai, ni kuwa abin da kunnena yake nema ƙarar kekunan layinmu da safe, da kukan jirgin ƙasa idan ya taso daga tasha, da mai ƙosai da take kiran sunana kafin in iso. Duk ranar Lahadi idan Sista Rahila ta taso daga coci sai ta biyo. Ta haska mini ido da fitilar waya, ta ce in matse yatsunta da hannun dama, in matse da na hagu, in bi layin tayil da ƙafa. Wata rana ta zo da kula. Da na buɗe sai ga tuwo da miyar kuka, har da daddawa. Ta ce kukar ta ƙarshe ce da ta rage mata daga gida, ta ga na fi ta bukata.

A sati na uku Hadiza ta haihu, mace. Washegari aka sake ɗaukar hoton kaina. Na tafi da murna, a raina ina lissafin zan riski suna. Likita ta nuna tabon. Ya ragu sosai, saura kamar ƙwayar gyaɗa, amma yana nan. Ta girgiza kai.

A hanyar dawowa na ce wa Alhaji Wasiu ni fa zan tafi. Ɗan wannan abin me zai yi? Mutane nawa suke hawa jirgi da ciwon kai? Ya sami wuri ya tsayar da mota.

"Fasfonka yana hannunka, ba zan riƙe ka ba. Amma suna yini ɗaya ne. Yarinyar nan za ta nemi uba ranar da za ta shiga makaranta, za ta neme shi ranar da wani ya ɓata mata rai. Wanne kake so ka halarta?"

Da yamma na kira Hadiza, ina zaton ita ce za ta goya mini baya. Muryarta a gajiye ta ce, "Malam, wallahi idan ka hau jirgin nan ba da izinin likita ba, ba zan yi farin ciki da ganinka ba. Na jira wata takwas. Zauna."

A waya na ga sunan. Ƙanena ya riƙe mini ita ina kallon rumfar da aka kafa a ƙofar gidanmu, telolin layinmu duk sun rufe shago sun zo, kowa yana leƙo fuska yana cewa, "Sabi'u, Allah ya raya, Allah ya ƙara sauƙi." Aka sa mata Zainab. Alhaji Wasiu ya sayo dabino ya raba wa duk wanda ya shigo ofis ranar, har da Turkawan da ba su san dalili ba.

Sai a ƙarshen sati na shida aka ɗauki hoto na uku. Likita ta daɗe tana dubawa, tana matso da shi tana mayarwa. Sai ta juyo ta miƙe tafin hannu, ta yi sama da shi, ta yi murmushi. Ban jira fassara ba. Na tambayi abu ɗaya kawai, ko zan iya sa goshi a ƙasa. Ta ce e, amma a hankali. A nan cikin ofishinta, a gefen tebur, na durƙusa na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Ta rubuta takardar shaidar cewa zan iya tafiya, wadda na nuna wa ma'aikatan jirgi, ita ce kuma ta sauƙaƙa mini bayani wajen jami'an shige da fice kan kwanakin da na ƙara. Sista Rahila ta raka ni filin jirgi tana yi mini karatu kamar ɗan makaranta. In sha ruwa sosai. Kada in sha maganin barci. Kada in ɗaga jaka zuwa sama, in roƙi wani. Kunne zai toshe, wannan na kowa ne, in haɗiyi yawu, kada in toshe hanci in hura. Amma idan kai ya sara da ƙarfi irin wanda ban saba ji ba, ko amai ya zo, ko hannu ya yi sanyi, ko gani ya dushe, in kira ma'aikata nan take in miƙa musu takarda. Daga ƙarshe ta ba ni wata 'yar jaka, ta ce mahaifiyarta tana sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta kwatanta mini rumfar. Na fara yi mata godiya. Ta ce, "Ka dai sauka lafiya, shi ne godiyar."

Da jirgi ya fara gudu na damƙe hannun kujera. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Ya ɗaga. Kunnena ya toshe, ya yi wani ƙas, na ce shi ke nan ta faru. Wani tsoho Bamisire da ke kusa da ni ya ga yadda gumi yake zubo mini, ya zaro cingam ya miƙo, ya nuna kunnensa, ya nuna nawa, ya yi dariya. Na tauna, kunnen ya buɗe. Daga nan na shiga gwada kaina: in dunƙule hannun dama, in dunƙule na hagu, in karanta rubutun da ke bayan kujera, in rufe ido ɗaya in sake karantawa. Ina jiran sarar kai, ba ta zo ba. Aka kawo abinci na ci. Can sai na ji tsohon yana taɓa ni, ashe barci ya ɗauke ni, har mun fara sauka a Alƙahira.

Jirgi na biyu cike yake da mutanen Kano, yawanci masu dawowa daga neman magani. Tun a layi na fara jin "sannu da hanya" da "ya mai jiki". Wata Hajiya da ta rako mijinta aikin ido ta dubi tabon goshina ta tambaya, na ba ta labari a taƙaice. Ta juya ta zunguri mijin. "Ka ji masu jin maganar likita, Alhaji." Wannan tashin ban riƙe kujera ba. Ta taga na ga rairayi ya ƙare, kore ya fara, sannan rufin kwano da jar ƙasa. Da tayoyi suka taɓa ƙasa wani ya yi kabbara daga baya, muka amsa gaba ɗaya.

La'asar ta yi lokacin da ƙanena ya sauke ni a ƙofar gida. Inna ba ta bari na gama gaisuwa ba, ta kama kaina da hannu biyu tana juya shi tana dubawa kamar mai sayen ƙwarya. Hadiza ta fito ta miƙo mini Zainab. Na zauna a bakin tabarma da yarinyar a hannu, ta buɗe ido ta dube ni, ta yi hamma ta koma barcinta.

Bayan kwana biyu na ɗauki jakar nan na shiga kasuwar Sabon Gari. Na sami rumfar a layin masu kayan miya, wata dattijuwa da tabarau tana tsince barkono a faranti. Na gaishe ta, na ce daga wurin Rahila nake. Ta ajiye farantin. Na fara ba ta labarin yadda 'yarta ta karanta takarda, yadda ta mayar da ni asibiti, yadda in ba don ita ba da wataƙila ba ni ne a tsaye a nan ba. Tana ji tana gyaɗa kai, amma na lura hankalinta ba a nan yake ba. Ina yin shiru ta kama hannun rigata.

"Ɗana, duk na ji, mun gode wa Allah. Amma gaya mini gaskiya, tana cin abinci kuwa? A waya kullum sai ta ce mini lafiya lau. Ta rame?"

Na ce, "Mama, ba ta rame ba. Kukarta ce dai ta ƙare, ni na cinye."

Ta yi dariya har ta cire tabarau tana goge ido. Ta jawo benci da ƙafa, ta aika a kawo mini kunun zaƙi mai sanyi.

"Zauna. Faro mini daga ranar da ka fara ganinta. Wane kaya ne a jikinta? Kada ka yi sauri, yau kasuwa ta jira."

Na zauna. Ban tashi daga bencin nan ba sai da aka kira azahar.